Filin Amsa Tambayoyinku: Mayar da Tsohon Man Suya Ya Zama Dizal

Wasiƙun da suka shigo mana a wannan karon sun taru ne a kan batu guda, wato yadda ake sarrafa man da aka gama suya da shi ya koma man da injin dizal zai iya sha, wanda ake kira bayodizal. Mun zaɓi waɗanda suka fi wakiltar sauran, mun kuma taƙaita su saboda ƙarancin fili.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ina da gidan sayar da abinci, kuma duk ƙarshen mako mukan tara jarkoki cike da man da ya yi baƙi, wanda ba ya sake amfanuwa wajen suya. Na ji an ce ana mayar da irinsa dizal. Shin gaskiya ne? Idan gaskiya ne, me zai hana in tace shi kawai in ɗura wa janaretana?

Amsa: Barka kadai, Malam. Abin da ka ji gaskiya ne, kuma ba yau aka fara ba. A bikin baje kolin duniya da aka yi a birnin Paris na ƙasar Faransa a shekarar 1900, an nuna wa jama'a wani ƙaramin injin dizal yana aiki da man gyaɗa zalla, kuma Rudolf Diesel, wanda ya ƙirƙiro injin, ya riƙa ambaton wannan gwaji a jawabansa daga baya. A shekarar 1937 kuma wani masani a Jami'ar Brussels mai suna Chavanne ya yi rajistar hanyar sarrafa manja da sinadarin etanol, sannan a shekarar da ta biyo baya aka gwada man da ya samar a wata motar safa da ke jigila tsakanin Brussels da Louvain a ƙasar Beljiyam. Wannan shi ne asalin bayodizal kamar yadda aka san shi a yau.

Game da tace man ka ɗura wa janareta kai tsaye kuwa, ina ba ka shawarar kada ka yi. Matsalar ba ta tsaya ga dattin da ke cikin man ba, domin ko sabon mai ne ka buɗe daga kwalba, kaurinsa ya ninka na dizal kusan sau goma. Injin dizal yana dogara ne da nozul da ke fesa mai ya fita kamar hazo a cikin iskar da aka matse ta yi zafi, kuma idan man ya yi kauri, sai ya fita da manyan ɗigo waɗanda ba sa ƙonewa duka. Abin da bai ƙone ba yakan daskare a bakin nozul da zoben fistin, wani kuma ya gangara cikin baƙin mai ya sa shi ya yi danƙo. Abin da ke ruɗar mutane shi ne injin zai tashi lafiya lau, ya yi kwanaki ko makonni yana aiki, har mai shi ya fara ba wasu labari, alhali ɓarnar tana taruwa a ciki.

Saboda haka aikin da ake yi wa man shi ne rage masa kauri tun daga tushe. Kowace ƙwayar man girki tana nan kamar igiyoyi uku dogaye da aka ɗaure a turke ɗaya, turken shi ne sinadarin gilisarin. Idan aka haɗa man da sinadarin metanol, aka kuma sa ɗan soda irin wadda ake yin sabulu da ita domin ta hanzarta haɗin, sai igiyoyin su kwance daga turken, kowace ta kama ƙwayar metanol guda ta tsaya da kanta. Waɗannan da suka rabu su ne bayodizal, kaurinsu kuma ya kusa da na dizal. Gilisarin ya fi nauyi, don haka sai ya kwanta a ƙasa, a tsiyaye shi.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamar kimiyya ce a makarantar sakandare, kuma ina so in nuna wa ɗalibaina wannan aiki a ɗakin gwaje-gwaje. Wata abokiyar aikina ta gwada, amma maimakon mai sai ta samu wani abu mai kauri da ya kame a cikin kwalbar. Mene ne ya jawo haka, kuma wane awo ya kamata in bi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Abin da abokiyar aikinki ta samu sabulu ne, kuma shi ne sakamakon da mafi yawan masu farawa suke fara cin karo da shi. Abubuwa biyu ne ke haddasa shi, kuma dukkansu suna tattare da tsohon mai fiye da sabo. Na farko ruwa ne, wanda ke shiga man daga abincin da aka soya. Na biyu kuma tsami ne, domin duk lokacin da aka ɗora mai a wuta, wasu daga cikin igiyoyin nan da na ambata sukan tsinke da kansu su zama asid da ke yawo a cikin man. Idan soda ta haɗu da wannan asid, sai ta bar aikin da aka sa ta, ta koma yin sabulu, ruwa kuma ya ƙara mata ƙaimi. Don haka kafin a taɓa metanol, sai an gama da waɗannan biyun.

Ki fara da tace man da kyalle mai laushi yayin da yake da ɗumi, sannan ki ɗibi kaɗan a cokali ki ɗora a wuta. Idan kin ji yana tartsatsi, akwai ruwa a ciki. Hanyar da ta fi aminci wajen raba su ita ce a ɗumama man zuwa wajen digiri 60 na ma'aunin Salshiyas, a bar shi ya kwana a mazubi mai tsawo, ruwan ya kwanta a ƙasa, a kwashe na sama. Akwai masu dafa man har ya wuce digiri 100 domin ruwan ya ƙone, amma wannan yana buƙatar juyawa ba ƙaƙƙautawa, domin ruwan da ya taru a ƙasan tukunya yana iya zama tururi a lokaci guda ya watso tafasasshen mai.

Sai kuma auna tsamin, kuma a nan nake so ki fi ba ɗalibanki lokaci, domin shi ne darasin da ya fi kowane amfani a cikin aikin. Ki narkar da giram 1 na soda a cikin lita 1 ta tataccen ruwa. A wani ƙaramin kofin gilashi, ki zuba mililita 10 na sinadarin aisofurofil, ki sa mililita 1 na man daidai ba ƙari ba ragi, ki ɗiga finolftalin sau biyu ko uku, wato sinadarin da ke canja launi idan tsami ya ƙare, wanda ɗakunan gwaji na makarantu suka saba ajiyewa. Daga nan ki riƙa ɗiga ruwan sodar da sirinji a hankali kina karkaɗa kofin, har haɗin ya koma ruwan hoda ya kuma tsaya a haka na kusan daƙiƙa 20 bai washe ba. Yawan mililitar da kika ɗiga shi ne yawan giram ɗin sodar da za ki ƙara a kan kowace lita ta wannan man. Ƙa'idar da aka daɗe ana bi ita ce giram 3.5 ga lita ɗaya ta sabon mai, saboda haka idan gwajin ya ci mililita 2, za ki auna giram 5.5. Ki maimaita gwajin sau uku ki ɗauki matsakaici, kuma ki sani cewa sakamakon jarka ɗaya ba ya aiki a kan wata jarkar, ko da daga kicin ɗaya suka fito. Idan gwajin ya haura mililita 5, ki ajiye wannan man ki nemi wanda ya fi shi kyau. Masana'antu suna iya sarrafa irinsa, amma sai sun fara bi da shi ta wani mataki na daban da asid ɗin salfa, wanda bai dace da ɗalibai ba.

Ana iya amfani da potasiyam haidoroksaid a madadin soda, kuma ya fi saurin narkewa a cikin metanol, sai dai ana buƙatar ninkin nauyin soda sau 1.4, kuma dole a yi gwajin tsamin da shi ɗin kansa. Duk wanda aka zaɓa, a rufe shi da zarar an ɗiba, domin yana jan laima daga iska.

Ga lita ɗaya ta mai, ana amfani da mililita 200 na metanol. Lissafin sinadarai bai buƙaci ya kai haka ba, amma akan zuba kusan ninkin abin da ake buƙata domin a tura haɗin ya kai ƙarshe kada ya tsaya a rabi. Ki zuba metanol a cikin roba mai kauri mai murfi, irin wadda aka rubuta wa HDPE ko lamba 2 a gindinta, ki zuba sodar, ki rufe, ki riƙa jujjuyawa har ƙwaya ɗaya ba ta rage ba. Robar za ta yi ɗumi, kuma haka ya kamata. Ki ɗumama man zuwa digiri 55, ki kashe wutar gaba ɗaya, ki juye shi a wata robar mai cin lita biyu, ki zuba haɗin metanol ɗin, ki rufe da kyau, ki girgiza da ƙarfi na wasu mintuna, ki kuma riƙa maimaitawa har tsawon awa ɗaya. Dalilin tsayawa a digiri 55 shi ne metanol yana tafasa tun a kusan digiri 65, kuma idan man ya fi haka zafi, sai ya zama tururi ya kumbura robar.

Bayan haka sai a bar shi ya kwana. Washegari za ki ga ya rabu gida biyu, gilisarin mai duhu a ƙasa, bayodizal mai haske a sama, da iyaka a fili tsakaninsu. Haɗa sodar da metanol aikinki ne ke kaɗai, ɗalibai su tsaya nesa su kalla, kuma ina roƙonki ki karanta amsar da ke biye kafin ki sa ranar darasin.

Tambaya: Malam, na ji ana ta gargaɗi a kan metanol. Haɗarin nasa ya kai yadda ake faɗa? Ba za a iya musanya shi da sifirit ɗin da ake goge rauni da shi ba?

Amsa: Ya kai, Malam, kuma wannan ita ce tambayar da na fi so kowa ya karanta amsarta. Metanol guba ne. Shan abin da bai wuce mililita 10 ba yana iya makantar da mutum har abada, mililita 30 kuma tana iya kisa. Ba sai an sha ba ma, domin yana shiga jiki ta fata da ta numfashi. Abin da ya ƙara masa muni shi ne alamominsa sukan yi jinkiri. Hanta ce ke mayar da shi wani asid da ke lalata jijiyar gani, kuma mutum yana iya yin awa 12 zuwa 24 bai ji komai ba sai ɗan jiri da ciwon kai, kafin ganinsa ya fara dishi-dishi. Duk wanda ya haɗiye shi, ko ya shaƙe shi da yawa, a garzaya da shi asibiti nan take a gaya wa likita sunan sinadarin, kada a jira alama ta bayyana. Tun da ba shi da launi, kuma ba a bambanta shi da ruwa da ido, haramun ne a zuba shi a robar ruwan sha ko ta lemo, ko a ajiye shi inda yaro zai kai hannu.

Ta fuskar gobara kuma, tururinsa yana kama wuta tun daga kusan digiri 11, wato a kowane ɗaki da mutum zai iya zama ya yi aiki. Harshen wutarsa shuɗi ne mai rauni wanda da rana da ƙyar ake ganinsa, har mutum ya kai hannu bai san abu na ci ba. Don haka ba a wannan aiki a kicin ko a ɗakin kwana, ba a yi kusa da murhu ko sigari, ba a kuma juya haɗin da na'urar markaɗe ko injin huda bango, domin motocinsu suna fitar da tartsatsi. A yi shi a fili ko a rumfar da iska ke ratsawa, da abin kashe gobara na hoda a kusa.

Idan soda ta narke a cikin metanol, haɗin yana cin fata cikin hanzari, ɗigo ɗaya kuma ya isa ya lalata ido. Safar hannu mai jure sinadarai, da gilashin da ke rufe ido ta kowane gefe, da riga mai dogon hannu, da rufaffen takalmi, duk wajibi ne. Takunkumin kyalle ba ya tare tururin metanol ko kaɗan. Idan haɗin ya taɓa jiki, a wanke wurin da ruwa mai gudu na aƙalla minti 15 sannan a nemi likita. Kada kuma a yi amfani da tukunyar alminiyam, domin soda tana cinta, tana fitar da iskar haidurojin mai saurin kamawa da wuta. Ƙarfen da ba ya tsatsa da robar da na ambata su ne suka dace.

Sifirit ɗin goge rauni ba zai yi ba, domin kusan kashi 30 cikin ɗari na cikinsa ruwa ne, ruwa kuma shi ne abokin gabar wannan aiki. Etanol yana iya maye gurbin metanol, kamar yadda Chavanne ya yi, amma sai wanda aka cire wa ruwa ƙaf, kuma ko da shi ɗin gilisarin yana wuyar rabuwa. Ba da shi ake koyo ba.

Tambaya: Ranka ya daɗe, ni makanike ne. Wani mai mota ya kawo mini aiki, ya ce tun da ya fara shan bayodizal na haɗin gida filtarsa take toshewa, tiyon mai kuma ya yi laushi yana yoyo. Laifin man ne? Ta yaya ake gane mai kyau?

Amsa: Tare da naka, Malam. Abubuwa biyu da ka ambata suna iya faruwa ko da man yana da kyau. Bayodizal yana narkar da dattin da dizal ya shekara yana tarawa a bangon tanki, dattin ya taso ya tsaya a filta, saboda haka a makonnin farko akan canja filta fiye da yadda aka saba, daga baya abin ya lafa. Yana kuma cin robar asali da wasu ire-iren robar da aka yi amfani da su a tsofaffin motoci, musamman waɗanda aka ƙera kafin tsakiyar shekarun 1990. Maganin wannan shi ne a musanya tiyo da zoben roba da irin da ke jure shi, kamar wanda ake kira Viton. Haka nan bai jituwa da jan ƙarfe da tagulla da tutiya da dalma, domin suna sa shi saurin lalacewa.

Amma idan toshewar ta ƙi ƙarewa, to ka tuhumi man. Wanda aka kwashe daga saman gilisarin bai gama zama man mota ba, domin har yanzu akwai sabulu da ragowar soda da metanol a cikinsa, kuma a nan ne masu gaggawa suke yanke hanya. Dole a wanke shi da ruwan ɗumi, a fara a hankali ba tare da girgizawa ba, a bar ruwan ya kwanta a tsiyaye, a maimaita sau uku ko huɗu har ruwan wankin ya fito garau. Sannan a busar da shi ta hanyar ɗumama shi a buɗaɗɗen mazubi har ya washe, yadda idan ka sa takarda a bayan kwalbar za ka iya karanta rubutun.

Akwai gwaji biyu masu sauƙi da za ka iya yi a garejinka. Ka zuba man da ruwa daidai wa daida a kwalba, ka girgiza, ka ajiye. Mai kyau zai rabu da ruwan cikin rabin awa, ruwan ya kasance mai haske. Idan ya zama farin abu mai kauri ya ƙi rabuwa, akwai sabulu ko man da bai gama juyewa ba. Gwaji na biyu ya fi tona asiri: ka zuba mililita 3 na man a cikin mililita 27 na metanol a yanayin da bai wuce kusan digiri 20 ba, ka girgiza. Bayodizal na gaske yana narkewa ƙaf, amma idan ka ga ɗigon mai ya kwanta a ƙasa, wannan man girki ne da bai juye ba, kuma shi ne zai toshe nozul.

Waɗannan gwaje-gwaje suna kama babban kuskure ne kawai. Ma'aunin da masana'antu ke bi, wato EN 14214 a Turai da ASTM D6751 a Amurka, ya fi haka tsauri nesa ba kusa ba. Na Turai ya shar'anta cewa aƙalla kashi 96.5 cikin ɗari na man ya kasance ya juye, metanol ɗin da ya rage kada ya wuce kashi 0.2, ruwa kuma kada ya wuce miligiram 500 a kowane kilo, kuma ba a tabbatar da waɗannan sai a ɗakin gwaji. Shi ya sa a ra'ayina man haɗin gida ya fi dacewa da tsofaffin injuna masu sauƙin tsari, irin na ban ruwa da janareta da tsohuwar tarakta. Sababbin motoci masu fesa mai da matsi mai tsanani, waɗanda kwamfuta ke sarrafawa, ba sa haƙuri da ɗan ruwa ko ɗan sabulu, gyaran famfonsu kuma zai cinye duk abin da aka yi tattali. Ko man masana'anta ma ba kasafai ake shan shi zalla ba. Dizal ɗin da ake sayarwa a gidajen mai na Turai yana ɗauke da bayodizal har zuwa kashi 7, wanda ake kira B7, a Amurka kuma B20, wato mai kashi 20, ya yaɗu a tsakanin manyan motocin hukumomi. Ka gaya wa mai motar ya duba littafin da kamfanin ya bayar, ya kuma fara da gauraye kaɗan.

Ya kamata kuma ya san cewa lita ɗaya ta bayodizal zalla ta gaza ta dizal ƙarfi da kusan kashi 8 cikin ɗari, don haka motar za ta ɗan ƙara shan mai. A wani gefen kuma ya fi dizal santsi, abin da ke amfanar famfo, kusan babu salfa a cikinsa, baƙin hayaƙinsa kuma ya fi kaɗan. Sanyi yana daskarar da shi da wuri, gwargwadon man da aka yi shi da shi: na manja yakan fara daskarewa tun a wajen digiri 15, na waken suya kuwa sai an kusa digiri sifili. Ba a kuma ajiye shi fiye da wata shida, domin yana jan laima yana tsami.

Tambaya: Zan iya zuba shi a babur ɗina ko a ƙaramin janareta mai shan fetur?

Amsa: A'a, Malam, ko kaɗan. Injin fetur yana kunna mai ne da tartsatsin fulogi, kuma yana buƙatar man da ke saurin zama tururi. Bayodizal ba ya haka, sai ya jiƙa fulogi ya kashe injin. Na injin dizal ne kaɗai.

Tambaya: Malam, ina koyon wannan sana'a, kuma baƙin ruwan da ke kwanciya a ƙasa ya fara taruwa mini. An ce gilisarin ne, to zan iya sayar wa masu haɗa man shafawa, ko in ba dabbobi?

Amsa: Kada ka yi ko ɗaya, ɗan'uwa. A lissafi, kowane kilo 100 na bayodizal yana zuwa da kusan kilo 10 na gilisarin, amma abin da ka tsiyayo ya fi haka yawa, domin a cikinsa ne mafi yawan metanol ɗin da ya yi saura ya tare, tare da sabulu da soda. Gilisarin ɗin da ake sa wa a magani da man shafawa an tace shi ne a masana'anta da na'urorin da ba a samu a gida. Naka guba ne ga mutum da dabba muddin metanol yana ciki, kuma ya kamata ka rubuta hakan a jikin jarkar.

Masu aiki da yawa sukan ɗumama shi a rufaffiyar tukunya mai bututu, tururin metanol ya bi bututun ya huce ya koma ruwa, su sake amfani da shi a haɗi na gaba, wanda ke rage musu kashe kuɗi ƙwarai. Bayan an tabbatar metanol ya fita, ana iya yin sabulun wanke kayan aiki da daɓen gareji da abin da ya rage. Kada ka ƙona shi a murhu ko a buɗaɗɗiyar wuta, domin gilisarin idan bai samu zafi mai tsanani ba yakan fitar da wani hayaƙi mai guba da ake kira akrolin, wanda ke ƙona ido da huhu. Kada kuma ka zubar da shi, ko ruwan wankin man, kusa da rijiya ko rafi.

Tambaya: Bayan duk wannan ɗawainiya, shin kwalliya tana biyan kuɗin sabulu? Akwai inda ake yin abin da gaske, ko dai gwaji ne na masu sha'awa?

Amsa: Ana yin sa da gaske, Hajiya, kuma birane ne ma suka fi cin moriyarsa. Birnin Graz na ƙasar Ostiriya ya fara gwada man da aka samo daga tsohon man suya a motocin safa tun 1994, har ta kai lokacin da dukkan motocin safa na birnin suka koma shan bayodizal. Birnin Kyoto na Japan ya fara karɓar tsohon mai daga gidajen jama'a a 1997, yana sarrafa shi domin motocin kwasar shara da na safa. Abin da ke jan hankalin hukumomi ba man kaɗai ba ne. Man da aka tuttular a magudana yakan daskare ya haɗu da tarkace ya toshe hanyar ruwa, kamar yadda aka gani a unguwar Whitechapel ta birnin Landan a 2017, inda aka tarar da dunƙulen kitse mai nauyin tan 130 da tsawon mita 250 a ƙarƙashin titi, wanda daga baya aka mayar da wani ɓangarensa bayodizal.

Dalili na biyu, wanda a wurina ya fi nauyi, shi ne lafiyar masu ci. Man da aka yi ta maimaita suya da shi yana tara sinadarai masu cutarwa, kuma idan ba shi da wata kasuwa, marasa tsoron Allah sukan saye shi da arha, su tace, su sake sayar da shi a matsayin man girki. Taiwan ta sha fama da irin wannan badaƙala a 2014. Hukumar kula da ingancin abinci ta Indiya ta haramta suya da man da lalatattun sinadaransa suka wuce kashi 25 cikin ɗari, sannan a 2018 ta ƙaddamar da shirin tattara irin wannan mai domin a mayar da shi bayodizal.

Ga mutum ɗaya kuwa, ribar ta dogara ne da abu uku: samun tsohon mai mai ƙarancin tsami a kai a kai, da samun metanol ta halastacciyar hanya a farashi mai sauƙi, da mallakar injin da zai sha abin da aka samar. Lita ɗaya ta mai mai kyau tana ba da abin da ya kusa lita ɗaya ta bayodizal, amma gwargwadon lalacewar man, gwargwadon abin da zai tafi a sabulu. Mai tara 'yan litoci a wata ba zai mayar da kuɗin kayan aiki da na kariya ba, kuma ya fi masa alheri ya tace man, ya rufe shi kada ruwa ya shiga, ya sayar wa masu sarrafawa, bayan ya tabbatar ba kasuwar abinci za su mayar da shi ba. Ƙungiyar manoma ko ta masu gidajen abinci da za ta haɗa mai wuri guda, ta horar da mutum ɗaya ko biyu, ta riƙa kai samfuri ɗakin gwaji, ita ce ta fi kusa da cin riba.

Kafin ki sayi ko da jarka ɗaya ta metanol, ki binciki dokar ƙasar da kike zaune, domin dokokin sun sha bamban. A Birtaniya, alal misali, wanda yake samar da ƙasa da lita 2,500 a shekara ba ya biyan harajin mai, amma ana buƙatar ya ajiye bayanan abin da ya samar. Wasu ƙasashen suna neman lasisi kafin a ajiye metanol da yawa, ko a yi jigilar tsohon mai, ko a sayar wa wani da man da aka haɗa, kuma hukumar kula da muhalli da ta kashe gobara su ne wuraren da za ki fara tuntuɓa.